Wa Ya Kashe "Wai"?

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wata magana da na gaji da jinta, a fada wajen shayi da kuma cikin ɗakunan kwananmu na jami'a, shi ya sa yau na ɗauko biro don in yi faɗa da ita a rubuce. Maganar ita ce, duk matsalar tsaron ƙasashenmu ta kayan aiki ce: a sayo jirage marasa matuƙa, a ƙaro motoci masu sulke, shi ke nan an gama. Tun da jiragen Bayraktar na Turkiyya suka sauka Nijar a 2022, wasunmu suka haddace sunayensu da yawan awoyin da suke iya yi a sama kamar yadda suka haddace ƴan wasan Real Madrid. Ka kuskura ka ce "amma", sai a ce ba ka da kishin ƙasa. To ga tawa "amma" ɗin, a yi haƙuri ko kar a yi.

Karatun harshe nake yi, don haka ta ƙofar harshe zan shiga. Babu bam ɗin da ke faɗowa daga sama sai an yi magana tukuna. Wani ya ga abu, ko ya ji labarinsa, ya gaya wa wani. Wancan ya juya shi zuwa wani harshe, ya taƙaita, ya miƙa sama. Na saman ya karanta layi biyu ya ce a buga. Jirgin shi ne na ƙarshe a layin, kuma shi kaɗai ne ba ya jin tsoro, ba ya jin kunya, ba ya gyangyaɗi. Duk sauran ƴan Adam ne, mu kuwa hirarmu kullum a kan jirgin take ƙarewa.

Ranar 18 ga Fabrairu 2022, jirgin yaƙin Najeriya da ke neman ƴan bindiga ya saki bam a ƙauyen Nachade, yankin Madarunfa cikin jihar Maraɗi, wato a cikin ƙasarmu. Gwamnan Maraɗi na lokacin, Chaibou Aboubacar, ya ce yara bakwai suka mutu, biyar suka ji rauni. Ranar 3 ga Disamba 2023, a Tudun Biri cikin jihar Kaduna, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya buga wa masu taron Maulidi. Hukumar agajin gaggawa ta Najeriya ta ƙirga gawa 85, mutanen gari suka ce sun haura haka, har babban hafsan sojan ƙasa, Taoreed Lagbaja, ya je da kansa ya ba da haƙuri. A Rann ta jihar Borno, ranar 17 ga Janairu 2017, sansanin ƴan gudun hijira aka buga, sama da mutum 100 suka tafi, binciken sojoji kuma ya ce sansanin ba ya cikin taswirar aikinsu. Kada wani ya ce ai halin Najeriya ne: a watan Janairu 2024 hukumomin Yamai sun amsa cewa farar hula sun mutu a harin sama a Tiawa, jihar Tillaberi. Kada kuma a ce ai baƙar fata ne ba mu iya ba: ranar 3 ga Janairu 2021 jiragen Faransa sun buga a Bounti ta ƙasar Mali, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce taron biki ne kuma 19 daga cikin mamatan farar hula ne, Faransa ta ƙi amsawa.

A Tudun Biri da Rann da Bounti babu wanda ya ce na'ura ce ta lalace. Bam ya tafi daidai inda aka aike shi. Abin da ya lalace shi ne sunan da aka raɗa wa mutanen da ke ƙasa.

Hausa tana da wata dukiya da muke kashewa kullum ba mu san darajarta ba: ƙananan kalmomin da ke nuna daga ina mai magana ya samo maganarsa. "Na gan su da idona" daban take da "an ce an gan su". "Wai sun shigo" daban take da "sun shigo". Ga "da alama", ga "kamar dai", ga "ƙila", ga "anya". A aji muna ce musu alamomin madogarar zance. Wasu harsuna a jikin aikatau ma suke liƙa su, ta yadda mutum ba zai ba da labarin abin da ya wuce ba sai ya nuna ko gani ya yi ko ji. Abin dariya, Turkanci yana cikinsu, harshen waɗanda suka ƙera mana jiragen. Tsohuwa mai sayar da daddawa a kasuwar Bande ba ta taɓa buɗe littafin nahawu ba, amma ba za ta ce "ɓarayi sun shigo" ba alhali "wai ɓarayi sun shigo" take nufi, don ta san gobe za a tare ta a ce, Iya, ke kika gan su?

Yanzu mu bi wannan "wai" mu ga inda take mutuwa. Misali nake kawowa, amma kowa ya san irinsa. Manomi ya kira mai gari a salula ya ce, wai an ga wasu mutane kan babura wajen tafki, ƙila su kai goma, ni dai ban gan su ba. Mai gari ya kira jandarma ya ce, an ga mutane kan babura wajen tafki, kamar goma. "Wai" ta faɗi, "ni dai ban gan su ba" ta faɗi. Jandarma ya rubuta da Faransanci. Faransanci yana da tasa hanyar, duk mun san bambancin seraient da sont tun muna lakwal, amma a rediyon sadarwa, cikin sauri da ƙara, gajeriyar ita ke tsira. "Mutane" suka koma "waɗanda ake zargi", a mataki na gaba suka koma "ƴan ta'adda". Abin da ya isa teburin mai ba da umurni shi ne: ƴan ta'adda goma, kan babura, wuri kaza. Ku duba da kyau, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ya ɗan gyara ne kawai, don kada ya ɓata wa na gaba lokaci, ko don kada a ce bai san aikinsa ba. Kurtun da ya kai wa kaftin rahoto cike da "ƙila" da "kamar dai" tsawa zai sha. Da sannu sai ya koyi cewa magana mai kaifi ɗaya ita ce maganar namiji, ya daina kai shakka ko da yana da ita.

Ba ciwon talaka ba ne kaɗai. A 1951 masu nazarin leƙen asirin Amurka sun rubuta rahoto cewa akwai "babbar yiwuwa" a kai wa Yugoslabiya hari a shekarar. Ɗaya daga cikin shugabanninsu, Sherman Kent, ya bi abokan aikinsa yana tambaya, da kuka sa hannu a kan wannan kalma, kashi nawa cikin 100 kuke nufi? Amsoshin suka tashi daga kashi 20 har zuwa kashi 80. Mutane ne masu harshe ɗaya, ofis ɗaya, takarda ɗaya. To ina ga saƙon da ya taso da Fulatanci, ya bi ta Hausa, ya kwana a Faransanci?

Na san abin da masu son kayan aiki za su ce. Za su ce ai shi ya sa aka sayo jirgin, yana da kyamara, gani ya kori ji. Wannan karin magana gaskiya ce a kasuwar dabbobi, inda za ka taɓa ragon da hannunka. Daga sama kuwa ji ne ke korar gani. Wanda aka gaya wa cewa ƴan ta'adda goma na wajen tafki, in ya kalli allon kwamfuta ba tambayar "su wane ne waɗannan" yake yi ba, neman goman nan yake, kuma zai same su.

An yi bincike a kan wannan, don ya taɓa ci wa Amurka tuwo a ƙwarya. Ranar 3 ga Yuli 1988 jirgin ruwan yaƙinsu mai suna Vincennes ya harbo jirgin fasinja na Iran, mutum 290 suka hallaka. Na'urar jirgin ruwan ta rubuta daidai cewa jirgin fasinjan hawa yake yi. Mutanen da ke zaune gabanta suka kai rahoton cewa sauka yake yana nufo su, domin harin da suke jira ke nan, kuma shi suka sha gwadawa a atisaye. Bayan haka ne sojan ruwan Amurka suka buɗe shirin bincike mai suna TADMUS, suka kwashe shekaru suna nazarin yadda mutum ke yanke shawara cikin firgici da ƙurewar lokaci, suka sake fasalin allunan da kuma horon. Duk da haka, ranar 21 ga Fabrairu 2010 a lardin Uruzgan na Afganistan, masu tuƙa jirgi marar matuƙi daga Nebada sun yi awoyi suna bin motoci uku. Masu tantance hotuna suka ce sun ga yara. Cikin hirar, "yara" suka koma "matasa", "matasa" suka koma "mazan da suka isa yaƙi". Da matafiyan suka tsaya suka yi salla a gefen hanya, har wannan sai da aka ƙirga a matsayin alama. Aka buga musu, dattawan yankin suka ce mutum 23 suka mutu. Ni a matsayina na ɗalibin harshe, wannan hira ta fi kowane darasin ma'ana da aka koya mana tsoratar da ni: kalma ɗaya tana canza riga a hankali har ta zama izinin kisa.

Wani masani, Gary Klein, ya bi shugabannin ƴan kwana-kwana a shekarun 1980 don ya ga yadda suke yanke shawara a gaban wuta. Ya tarar ba sa jera zaɓi suna aunawa. Kallo ɗaya suke yi su ce, irin kaza ce, don sun taɓa ganin irinta sau ɗari. A 2009 shi da Daniel Kahneman suka yi rubutu tare, suka yarda cewa irin wannan ganewar abin dogaro ce da sharaɗi: sai in mutum yana samun labarin sakamakon hukuncinsa, ya san inda ya dace da inda ya kuskure. Ɗan kwana-kwana yana gani nan take in rufi ya rufto. Mai kallon allo ba ya zuwa maƙabarta. In ba a yi bincike an dawo an gaya masa su wa ya buga wa ba, kowane hari ƙara masa tabbaci yake yi cewa idonsa ba ya kuskure.

Ku zo mu kalli Bande daga sama, da dare, da kyamarar da ke ganin zafin jiki kawai, wadda mutum da ɗan maraƙi duk farin ɗigo ne a wurinta. Ga ƴan ruwa-ruwa sun taso daga bakin iyaka, babura a jere, jarkoki a ɗaure, fitilu a kashe don gudun duwan, suna bin hanyar daji. Ga ƴan rakiyar amarya, babur ashirin, kowane da mutum uku. Da rani ga mafarauta, maza da yawa da karnuka da kulake, wasu da bindigar toka, sun bazu cikin daji tun asuba. Da damina ga manoma da hauya mai doguwar ƙota a kafaɗa. Ga makiyaya da sanduna a wuya. Ga watan Maulidi, ƙauye ya taru a fili har tsakar dare, baƙi na ta shigowa daga ƙauyukan kewaye. Wallahi duk rayuwarmu, in an cire mata sauti da suna, kamar shirin kai hari take. Yaro ɗan shekara goma a Bande ko Dungas zai bambance waɗannan duka ba tare da tunani ba. Hafsan da ya tashi a birni, ya yi kwas a waje, ya iya na'ura kamar ya ƙera ta, zai iya kasa bambancewa, kuma ba wauta ba ce, ba a nuna masa ba ne. Yankinmu na Magarya yana kan iyaka kamar yadda Madarunfa take. Wanda ya ga gemun ɗan uwansa ya kama wuta ya san abin da zai yi da nasa.

Sai abin da ya fi mini ciwo. Sau da yawa akwai wanda ya sani a cikin ɗakin. Akwai sarjan ko kurtu ɗan ƙauye da zuciyarsa ta ce masa, kai, wannan fa Maulidi ne. Me zai ce? An yi mana tarbiyya cewa yaro ba ya gyara wa babba, bariki kuma ta ninka wannan sau goma. Iyakarsa ya ce, ranka ya daɗe, anya kuwa ba taro ba ne na gari? Tambaya ce mai laushi wadda aka gina ta yadda babba zai iya tsallake ta ba tare da kowa ya ji kunya ba. A zauren gida wannan ladabi ne, ina alfahari da shi. A ɗakin da ake ba da umurnin harbi kuwa gawa yake haifarwa.

Turawa ma sun sha wannan. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, manyan jirage biyu na KLM da Pan Am suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Matuƙan KLM sun faɗi jimlar da ke iya nufin "muna wurin tashi" ko "muna tashi", mai kula da hasumiya ya ɗauki ta farko. Injiniyan jirgin ya yi tambaya a hankali ko ɗayan jirgin ya bar titin, kaftin, wanda shi ne babban mai horar da matuƙan kamfanin, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari. Ba a sake magana ba. Masu jiragen sama ba su ce ƙaddara ce suka shafa fatiha suka tashi ba. Suka taƙaita kalmar "tashi" ga lokacin ba da izini ko soke shi kaɗai. Suka tsananta dokar maimaita umurni da baki kafin a aikata. Daga farkon shekarun 1980 suka fara horar da ma'aikatan jirgi yadda ƙarami zai tsayar da babba da kalmomin da aka amince da su tun kafin a tashi, da yadda babba zai saurara. Gyaran harshe ne da na ɗabi'a.

Gajiya ma tana nan, ba sai na daɗe a kanta ba. Tun 1948 Norman Mackworth ya nuna cewa mai zura wa allo ido yana fara kuskure bayan rabin awa na farko. Duk wanda ya taɓa kwana yana bitar jarrabawa ya san yadda layi ke rawa da ƙarfe uku na dare.

Za a ce mini yaƙi ne, dole a yi kuskure, kuma mai jiran tabbaci abokin gaba zai riga shi. Na yarda lokaci yana ƙurewa. Shi ya sa ake yin horon tun kafin ranar, don kalmar da ta dace ta fito da kanta ba sai an tsaya nema ba. Za a ce ina karya wa sojojinmu gwiwa. Haba! Ban manta Inates ba, 10 ga Disamba 2019, soja 71. Ban manta Chinagodrar ba, 9 ga Janairu 2020, soja 89. Ƴaƴan talakawa ne, irin yayyenmu da muka yi lakwal tare. Hanyar da ke mayar da "wai" ta zama tabbas ita ce dai ke mayar da gargaɗin gaskiya ya zama jita-jita a jefar. Kuma ƙauyen da ya binne ƴaƴansa saboda kiran da wani ya yi a salula, gobe in ya ga ƴan bindigar gaske shiru zai yi. Sojan da ke ƙasa shi zai biya kuɗin wannan shirun. Masu cewa ƙaddara kuwa, ai mun yi imani da ita, amma ba mu taɓa jin direban da ya taka yaro ya ce ƙaddara alƙali ya sallame shi ba tare da an duba birki ba.

A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wasu abokaina na ganin da zarar an juya umurnin soja zuwa Hausa magana ta ƙare. Ban yarda ba. "Wai" tana iya mutuwa daga Hausa zuwa Hausa, kun gani a bakin mai gari. Kuma a Tillaberi da Diffa da Agadas saƙon da Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci yake tasowa. Abin da nake nema ya fi fassara wuya. A makarantar hafsoshi ta Yamai da ta ƙananan hafsoshi ta Agadas, da takwarorinsu na Kaduna da Jaji, a mayar da shi doka cewa kowane rahoto ya zo da madogararsa, kuma ba mai ikon cire ta a hanya: na gani da idona, wanda ya gani ya gaya mini, ji na yi a gari, zato nake. Matakai huɗu, kalmomi tsayayyu, a kowane harshen da ake karɓar saƙo da shi. A ware kalma guda ta tsayarwa wadda kurtu zai iya faɗa wa kanar ba a hukunta shi ba. A sa kalandar kasuwanni da Maulidi da farauta ta kowane yanki kusa da taswira. A zaunar da ɗan yankin kusa da mai kallon allo. In an yi kuskure a bincika, a koma da sakamakon cikin aji.

Rabin wannan aikin namu ne, mu ƴan sashen harshe, da muke ta rubuta kundin kammala karatu a kan jam'in suna alhali an rubuta shi sau hamsin. Ba sai an ba mu kuɗin bincike ba. Ku ɗauki takarda yau da dare, ku tambayi mutum ashirin a fada, in an ce "da alama su ne", kashi nawa cikin 100 ke nan, in an ce "kusan su ne" fa, in an ce "ƙila". Ku tambayi ɗan Damagaram, ku tambayi ɗan Dogonduci, ku tambayi Bazabarmen da ya koyi Hausa a Yamai. Ku kawo lambobin zamanmu na gaba mu jera su a allo.